Na'urar da Ba Ta San Goyon Ciki Ba

A farkon shekarun saba'in ni ƙaramin jami'in tsare-tsare ne a wata ma'aikata a Kaduna, sabon ango, na dawo daga kwas kaina ya kumbura. Na koyi yadda ake kwaikwayon rayuwar jama'a a cikin kwamfuta: ka ba ta yawan mutane da ɗabi'unsu, ta nuna maka abin da zai faru baɗi. Da aka tashi raba gadajen haihuwa ga ƙananan asibitoci, na ce a bar min. Na huda katunana, irin waɗanda ake ba kwamfuta bayani da su a lokacin, na kai su Zariya inda na'urar take, ta ce a jibge gadaje a Unguwar Rimi, tunda can sababbin ma'aurata suka taru. Rigachikun kuwa aka ba ta ragowa.

Aka zauna jiran haihuwa, shiru kake ji. Gadajen Unguwar Rimi suna shan ƙura, a Rigachikun mata na naƙuda a kan tabarma. Shugabana ya ba ni wata biyu in gyara, ko a kwashe katunan a hura wuta da su. Wallahi na ji kunya.

Da na je Rigachikun duba ɓarnata, wata tsohuwar ungozoma ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ina amaryata. Na ce ai tana nan garin, gidan iyayenta, ta zo goyon ciki. Ta ce to ɗan boko, matan abokan aikinka fa, ko su ba su da iyaye? Nan na gane kuskurena. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, kowa ya sani, ni ma da hannuna na kawo tawa inda na hana gado.

Na bi gida gida ina tambayar asalin amare, na sake huda katuna, na kuma tsara yadda kowane wata ungozomomi za su aiko da abin da suka gani, na'ura ta riƙa gyara kanta. Lissafi ya fito daidai, shugabana har da tafa min, aka loda gadaje a mota zuwa Rigachikun.

Masu aiki da na'ura, ku tambayi tsofaffi kafin ku tambaye ta, domin abin da ka ba ta shi take mayar maka. A kan ɗaya daga gadajen nan aka haifi 'yata ta fari, kuma tsohuwar nan ce ta yanke mata cibi.