In Ka Kai Ƙarshe, Ka Juya

Kusan shekara talatin na yi ina buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati a nan Lafiya, tun zamanin tafireta har kwamfuta ta zo ta same ni a kujerata. Da yatsuna nake taƙama. Ina bugu ina hira, ko kallonsu ba na yi. Sai wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, hannuna na dama ya sauko da kansa, ya ƙi komawa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa min ɓarin dama. Ƙafa ta dawo cikin wata biyu. Baki ya riga ta, kuma wannan bai ba kowa mamaki ba a gidanmu. Hannun ne ya yi zamansa. Yana ɗaguwa, amma yatsun a naɗe suke, babban yatsa da manuniya ko gaisawa ba sa yi.

'Yata malamar makaranta ce a Doma. Tun rasuwar mahaifinta mu biyu ne, don haka ta ɗauki hutu ta dawo gida, ta ce ba za ta koma ba sai ranar da ta ga zan iya da kaina. Yarinyar kirki ce, Allah ya yi mata albarka, amma ta kusa haukata ni. In na ɗauki kofi, "Umma, kawo." In na taɓa maɓallin riga, "Umma, kawo." Na tsani kalmomin nan biyu, na kuma tsani kaina da nake jin haushin mai yi min hidima. Abin da ya fi ci min rai shi ne aikinta da nake gani yana neman suɓucewa saboda hannuna.

A asibiti sun ba ni wata ƙwallon roba, wai in yi ta matsawa. Na matsa ta wata guda ban ga abin da ya canza ba. Wata rana da hantsi haushi ya kama ni, na ɗauke ta da hagu na wurga ta bayan katanga. Ba a jima ba sai ga sallama. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Eggon, nas ce da ta yi ritaya, duk unguwa Sista muke ce mata. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "ka" ne.

"Hajiya, wannan bol naka ne? Ya kusa fasa min gilas."

"Nawa ne. Ki riƙe, na bar miki."

"Ah ah, kana fushi da shi?"

Na ce ni ba jaririya ba ce da za a zaunar da ni ina wasa da ƙwallo. Ta zauna, ta kama hannun ta juya shi, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda masu sayen kaza suke duba fiffike. Washegari ta dawo da tsohuwar jaka cike da zaren ulu da alluran saƙa. Ta ce a makarantar mishan aka koya mata tana yarinya, yanzu ido ya fara gajiya, gara ta sauke wa wani.

Da dogayen allurai biyu muka fara. Sau shida ta dama tana faɗuwa ƙasa, sau shida 'yata tana rugowa daga madafa ta ɗauko. Na ce a bar shi haka. Sai Sista ta zurma hannu can ƙasan jaka ta fito da wata iri: gajerun allurai biyu, an haɗa gindinsu da doguwar igiyar roba mai santsi. Ta ce da wannan, nauyin saƙar a kan cinya yake zama, hannu ba ya ɗaukar komai.

"Ko ka sake shi, ba ya zuwa ko'ina. Zai tsaya yana lilo yana jiran ka."

Haka kuwa aka yi. Yatsuna suka saki, allurar ta yi lilo a gabana, na kamo ta da kaina ba tare da an rugo daga ko'ina ba. Ranar ce na fara jin wani abu ya motsa a zuciyata.

Na ce shawul zan saƙa, na yafawa a kafaɗa. 'Yata ta yi dariya har da riƙe ciki, wai shawul a Lafiya, garin da fanka ma iskar zafi take hurowa. Ba ta san tun da ciwon nan ya same ni kafaɗar dama a cikin sanyi take ba, ko da tsakar rana. Na zaɓi zare kore, irin ganyen rogo. Sista ta jera min madaukai a kan igiyar, ita "ido" take ce musu. Kowane ido aikinsa huɗu: a soka allura, a naɗa zare, a jawo, a saki. Layin farko na fara shi da hantsi, ban gama ba sai da aka kira azahar, gumi ya jiƙa min ɗankwali. Duk lokacin da na kai ƙarshen layi sai Sista ta karɓa, wai tana dubawa, tana ba ni labarin jikokinta, sannan ta miƙo min. Ban taɓa lura da abin da hannunta yake yi a tsakani ba.

Muna cikin sati na biyu aka aiko mata ƙaninta ba shi da lafiya a Assakio. Har ta kai bakin ƙofa da jakarta ta waigo.

"Hajiya, in ka kai ƙarshe, ka juya!"

"Na ji, Sista. Allah ya ba shi lafiya."

Da na kai ƙarshen layi sai na ga igiyar ta lanƙwaso, idon farko ya zo daidai bakin allurata. Na ce to, ai ga juyawar nan, irin ta mota a shataletale. Na soka allura na wuce. Abin ya tafi sumul. Babu tsayawa, babu ƙarshen layi, sai zagaye kawai. Har fuskar saƙar ta canza, ta daina kaushi, ta kwanta luf kamar ta kanti. Na ce a raina ashe na fi malamar tawa hannu. Kullum bayan sallar asuba da karin kumallo sai in zauna a baranda, ruwan damina yana zuba, ni ina zagaye. Sau ɗaya 'yata ta tsaya a kaina ta ce, "Umma, anya haka yake tafiya?" Na tambaye ta yaushe ta fara koyar da saƙa a makarantarsu. Ta juya ta koma ciki.

Kwana goma sha biyu Sista ta yi. Ta shigo da doya biyu a hannu, tsarabata. Na shimfiɗa mata aikina a cinya ina jiran yabo. Ta ɗaga shi sama, ta leƙa ta ciki, ta hango ni ta ɗaya gefen. Sai ta zura hannunta har kafaɗa, ya fito ta ƙasa. Ta kwashe da dariya, ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Hajiya! Ka saƙa siket! Wannan buhun agushi ne da ba gindi!"

"Ba ke kika ce in juya ba?"

"Na ce ka juya, ban ce ka zagaya ba. Allura na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, sai ka dawo baya. Kai ka tafi kamar ɗan acaba da ba birki."

Ban yi dariya ba. Na fizge abin na jefa shi bayan kujera, na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kwantar da ni a asibiti. Kowane ido a cikin buhun nan da ciwo na saƙa shi. Na ji kunya, na ji haushin Sista, na ji haushin Hausarta, duk da na san a gaskiya kalmar da ta faɗa daidai ce, kunnena ne ya ji abin da yake so. Kwana uku ban fito baranda ba.

A rana ta huɗu Sista ta shigo har ɗaki ba tare da ta jira an ce ta shigo ba. Ta ajiye min buhun a kan gado ta ce za a warware, kuma ni zan warware, ni zan naɗe zaren. Na ce kwana goma sha biyu sun tafi a banza.

"Wane banza? Ja zaren mu gani."

Na ja. Ta ce in tsaya haka, in dubi hannuna. Babban yatsa da manuniya ne suke riƙe da zaren, bakinsu a haɗe. Ban san ranar da suka shirya ba. Ƙarfi dai babu, ko cokali cike ba na kai shi baki sai ya zube, amma sun haɗu. Na warware siket ɗina tas a ranar, ina yi ina zagin sa.

Aka sake jera ido. Wannan karon ta sa ni na juya da kaina sau goma a gabanta, tana cewa "lef, rait" kamar mai koyar da fareti. Daga nan sai aiki. Layin da yake cinye min hantsi zuwa azahar ya dawo ina yin uku kafin shayi ya huce. Wani lokacin ido yakan zame ya gangara ƙasa, in bi shi in kamo. Akwai rami guda a tsakiya da ban gani ba sai da na wuce shi da nisa, Sista ta ce in koma, na ce wallahi ba inda za ni, ramin na shan iska ne. Gefe ɗaya kuma ya fi ɗaya faɗi, don a farko hannun yana saki, daga baya ya fara ɗamewa. Shawul ɗin ya sauko daga cinyata ya rufe gwiwa, ya kai ƙasa. Kafin in ankara damina ta ɗauke, an fara shanya riɗi.

Ranar rufewa Sista ta zo da wuri, 'yata ma ta bar wanke-wanke ta zauna kusa da ni. Ana rufe bakin saƙa ne ta hanyar ɗaga ido ɗaya a tsallakar da shi kan na gabansa, haka haka har igiyar ta zama wayam. Na yi su duka, saura ido ɗaya tal a kan allura. Sai yanke zare. Almakashi yana kan tabarma tsakanina da 'yata. Na miƙa hannu, ita ma ta miƙo nata.

"Umma, kawo in yan..."

Ban san lokacin da na kai mata duka a bayan hannu ba. Ƙarar ta fito tas, har kajin tsakar gida suka watse.

"Wayyo, Umma! Wallahi da zafi!"

Tana murza wurin, ya yi shati. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai Sista ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Wane hannu ya buge ka?"

Duk muka dubi hannun. Na dama ne, yatsu biyar a miƙe, tafin yana min zugi. 'Yata ta kalle shi, ta kalle ni, hawaye ya cika mata ido. Sai ta miƙo min ɗaya hannun nata.

"Umma, don Allah ki ƙara min."

Ban ƙara mata ba. Na zura yatsuna a cikin almakashin na matsa. Sau biyu yana tauna zaren, a na uku ya yanke. Na yafa shawul ɗin a kafaɗa cikin zafin nan na Lafiya, gumi yana bin bayana, na ƙi cirewa har la'asar. Ranar Litinin da safe 'yata ta hau motar Doma.