Malamar da Ta Ba Raliya Ruwa a Watan Azumi

Kullum da hantsi Malama Ummulkhairi kan shimfiɗa tabarmi uku a zaurenta, a wani ƙauye da ke bakin kwatar ruwan Bunkure. Ta farko ta ƙananan yara ce, su wasa kawai suke yi, suna kwaikwayon alwala da butar roba. Ta biyu ta 'yan bakwai zuwa goma, masu koyon salla. Manyan kuwa zama take yi da su ana hira kamar ƙawaye. Iyaye sun daɗe suna tambayar juna: wannan makaranta ce ko gidan raino?

Wanda ya fi kowa ruɗewa shi ne Dalhatu, manomin tumatir. Wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, ya ci alwashin 'yarsa Raliya, mai shekara bakwai, za ta kai talatin, saboda 'yar maƙwabcinsa ta kai bara. Ran nan da azahar yarinyar ta iso zaure leɓe a bushe, tana layi. Malama ta cika moɗa ta miƙa mata.

Dalhatu ya zo da taɓon gona har gwiwa.

“Malama, ke da za ki koya mata addini, ke ce mai karya mata azumi? Cire ta zan yi.”

“Malam Dalhatu, Allah bai ɗora mata ba tukuna, kai ne ka ɗora. Bar ta ta yi rabin yini. In ta tsane shi yanzu, wa zai sa ta so shi in ta girma?”

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Bai gamsu ba, amma ya bar Raliya a makarantar.

Malama, mu iyayen yaran ƙauyen nan mun shaida, ke ce uwar yaran kowa. Ke kika san lokacin wasa da lokacin horo, kika sha surutu kika daure. Yanzu da shekaru suka ja, ciwon ƙafa ya hana ki zama a tabarma, mun gode, Allah ya saka da alheri. Malaman da za su gaje ki, don Allah ku duba shekarun yaro kafin ku ɗora masa kaya.

Dalhatu dai har yau yana cewa bai gane ba. Raliya ta zama budurwa, kuma ranar Litinin da ta wuce ya aika mata da rake daga gona, aka dawo masa da shi. Wai tana azumi, ba wanda ya sa ta.