Yadda Anti Amamata ta sace mini hutu

Anti Amamata ta zo Landan daga zangon Kumasi a 1983, da akwati ɗaya da bakin da ba ya gajiya. Da asuba tana share ofisoshi a Aldwych, da rana tana tsare shagon doya da busasshen kifi a Deptford. A Aldwych ta san mahaifina, Malam Bukar, mai karanta labarai a rediyo, har ta zama 'yar gida. Ba ta taɓa shiga gidanmu ta fita ba ta aiki wani ba.

A dogon hutun 1994 saura mini shekara ɗaya in gama sakandare. Karatun lauya nake so, kuma takardar neman jami'a tana da fili inda ɗalibi zai faɗi abin da ya yi ban da karatu. Ni ba ni da ko layi ɗaya, abin yana hana ni sukuni. Wani abokin aikin Baba ya ce masa jami'o'i suna son mai wasanni, sai ga Baba da sandar tanis da jadawali, ya manna a jikin firji.

Ranar farko Anti ta tare ni a tashar bas.

"Murja, ka raka ni Croydon, yau kawai," in ji ta. Mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. "Turancin mutanen nan, kunnena bai kama shi."

Na bi ta da sandata a hannu. Ashe mata uku ke jiranta a layin ofishin shige da fice, kowacce da takardu a leda, ni ce tafinta. Hausata a lokacin ba ta wuce "na'am" da "na ƙoshi" ba. Na yi ta kame-kame, suna gyara mini suna dariya.

"Yau kawai" ta zama mako shida: Croydon, asibiti, ofishin gidaje. Wata tsohuwa, Abibatu, na bayyana wa jami'i dalilin da sunanta ya bambanta a takardu biyu, aka sabunta mata izinin zama. Ta riƙe hannuna tana kuka, ni ma na ji hawaye. Sandar tanis kuwa, da ita Anti ke nuna wa mata inda layi ya tsaya.

Asiri ya tonu ranar da mai koyar da tanis ya bugo wa Baba waya. Ya ce wata mata mai tsabtataccen Turanci ta sanar da shi ta waya tun farkon hutu cewa na samu aiki mafi muhimmanci, ko zan zo baɗi? Baba ya yi faɗa kamar zai ari baki. Ya ce na zubar da damata a layin Croydon, ni ma na yarda na zubar.

Da ba ni da abin rubutawa, sai na cika filin da labarin layin. Ranar ganawa a jami'a, malaman ba su tambaye ni komai ba sai Abibatu. Wasiƙar karɓa ta zo a Fabrairu.

Na ruga shago da ita, na tarar Anti tana wanke mai kawo doya tas da Turanci, ba ko gargada.

"Anti, ashe ke ce kika buga wayar?"

"Shekara goma sha ɗaya ina share ofishin 'yan jarida," ta ce. "Jaridan da suke zubarwa, wa kake tsammani yana karantawa? Tanis, yaran Turawa dubu sun rubuta shi. Wa ya rubuta Abibatu?"

Ta karanta wasiƙar sau biyu, ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo mini.

"Ka zo da wuri da safe, mutum biyu ne a Croydon. Gobe kawai."