Jan Fenti a Bayan Kunkuru

Mijinyawa malamin dabbobi ne a Karaye. Allurar shanu ce aikinsa, amma kunkuru ne ya tafi da hankalinsa. Akwai wani a gidansu na ƙauyen Turawa, wanda kakarsa ta ce a nan ta tarar da shi ranar da aka kawo ta amarya. Kakar ta rasu, uwarsa ta bi ta, kunkurun na nan yana cin ganyen wake. Abu ɗaya Mijinyawa yake son ya sani kafin ya mutu: shekara nawa wannan halitta take yi a duniya?

A 1961 ya sayi jan fenti. Duk kunkurun da ya tsinta a fadama, daga ƙauyen Yola na nan Karaye har Ruwan Bago, sai ya auna shi, ya rubuta masa lamba a baya, ya sake shi. Da yake da allo ya fara karatu, da lambobin Larabci yake rubutawa. Na gidansu shi ne na ɗaya. Kowace damina yakan hau keke ya bi sawunsu.

"Malam, yau ma surukan naka za ka gaida?" in ji matarsa Laure. "Ka ce ina yi musu ban gajiya."

Masu lambar sun kai arba'in da uku, sannan suka fara raguwa. Ya ɗauka fari ne, sai da ya shiga kasuwar Rogo a 1973 ya ga ƙoƙon bayan kunkuru huɗu jere a tabarmar Ɗantala mai magani, kowanne da rubutun hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ai albarkacinka muke ci," in ji Ɗantala. "Kowa ya san hatimin tsawon rai kake yi musu. Wanda ba rubutu ko tayawa ba a yi."

Mijinyawa ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Mutane suka yi ta gyaɗa kai cikin ladabi. Wane malami ne zai tona asirinsa a kasuwa?

Daga ranar ya daina rubutun, amma bayan shekara huɗu saura guda, na gida.

A shekarar ciwon ƙirji ya kwantar da shi wata biyu. Wansa Shitu yana zuwa daga Turawa da wani baƙin gari, ana dama masa a kunu. Da ya samu sauƙi, ya lallaɓa gida da igiyar awonsa. Ya duba gindin rumbu, ya duba bayan randa.

"Yaya, ina tsohon?"

Shitu ya sunkuyar da kai. "Ka ga dai ka tashi, alhamdu lillahi. Na ce in rubutun nan yana da amfani, wa ya fi ka cancanta?"

Mijinyawa ya naɗe igiyar, ya sa a aljihu. Sannan ya yi wa wansa godiya.