Ranar da Nasarawa ta yi ihun wuta

Har gobe ba na manta Larabar da na rasa aikina a wani shagon kwamfuta da ke Nasarawa, Birnin Kebbi. Ni ne mai kula da wuta da janareta. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma wayar wuta ba ta yi mini gardama.

Maigidana yana son sayo laftof masu araha ya riƙa sayar wa ɗaliban foliteknik, sai ya gayyato wani Alhaji mai injin shinkafa daga Argungu ya zuba jari. Laftof mai araha kuwa batirinta ba ya jimawa, in babu wuta ta zama faranti. Tsoron Alhajin ke nan, ga kuma hukumar da ke yanka farashin wuta, wadda kan ƙara kuɗi ba ta shawarci kowa ba.

Ranar da Alhajin zai zo shagon, tun safe babu wuta. Maigida ya sa na kai janareta bayan gidan maƙwabci, na jawo waya ta ƙarƙashin katanga don kada a ji ƙara. Na ce, "Ranka shi daɗe, in ya gane fa?" Ya ce, "Aikinka waya, ba tambaya ba."

Bayan Azahar Alhaji ya zauna, fanka na juyawa, laftof na haske. Ya ce, "In hukuma ta ƙara kuɗi, ko anka rage muku wuta, mi za ka yi?" Maigida ya ce ai layinmu na musamman ne, ba a ɗaukewa. Ni ina bakin ƙofa, gumi har cikin takalmi, ina lissafin man da ya rage.

Sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya: "An kawo wuta!" Tela, mai walda, matan cikin gida, kowa.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi fanka. "To wagga da muke sha tun ɗazu, ta wa ta?"

Maigida bai ko yi tari ba, ya nuna ni. "Wanga mutum shi ad da wannan aiki, ban sani ba wallahi."

Alhaji ya sa takalminsa ya fita. Ni kuma kafin La'asar an sallame ni, har filayata sai da na roƙa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku ji: in maigida ya ce ku ɓoye janareta, ku tuna unguwa tana da baki. Ranar da ta buɗe shi, mai riƙe da waya ake nunawa.