Kwikwiyon Baba Kyari

Ban taɓa mantawa da wata Talatar kasuwa a Diffa ba, ranar da na kusa kashe wa wani tsoho ɗan kwikwiyonsa ina zaune a kan kujera, ko tashi ban yi ba. Ku da kuka shigo sana'ar maganin dabbobi bayanmu, kuna ganin furfura kuna cewa Likita, gara ku ji yadda Likitan naku ya yi.

Ni mutumin Damagaram ne. Da faranti a ka na fara talla a nan Diffa, har Allah ya ba ni shago. Shekara da shekaru takin zamani da maganin feshi nake sayar wa manoman tattasai na bakin kogin Komadugu. Da fitina ta zo aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka sa wa taki ido, manoman nawa kuma suka bar bakin kogi suka kafa rumfuna a gefen kwalta. Na lura gonakin sun zauna can, amma awaki sun biyo masu su. Sai na juya zuwa maganin dabbobi. Na yi horon 'yan kwanaki a ofishin kiwo, aka ba ni takardar izini, na sa ta a gilashi na rataye inda kowa zai gani. Daga nan aka fara ce mini Likita. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar da aka koya mana gajera ce. Ka tambayi mai dabba, ka dubi dabbar, ka sa mata hannu, sannan ka ɗauko magani. Sa hannun shi ne ka buɗe baki ka ga shekaru, ka ja fatar ido ka ga jini, ka baje gashi ka ga fata, ka ɗaga ta ka ji nauyinta, domin magani da nauyi yake tafiya. Na yi wa awaki da tumaki haka ba adadi. Har bakin raƙumi na leƙa, ya wanke mini fuska da yawu.

Ranar da nake faɗa bazara ce, rana ta take. Wani tsoho ya tsaya a ƙofar shago da ƙunshin tsumma a hammata. Sunansa Baba Kyari, Babarbare ne daga wani ƙauyen bakin kogi, yana zaune a zangon 'yan gudun hijira kusa da Gagamari. Kunnensa ya yi nauyi tun ranar da wani abu ya fashe kusa da shi a hanyar gudu. Sai an ɗaga murya yake ji, shi ma da ƙarfi yake magana, saboda haka duk abin da muka faɗa layin namu kaf ya ji.

Ya durƙusa ya kwance tsumman. Kwikwiyo ne ja, bai fi wata biyu ba. Gashin bayansa ya zube, cikinsa duk ƙuraje, yana susa da ƙafar baya har yana kuka.

"Likita, ƙaiƙayi ne," in ji tsohon. "Ba ya ci, ba ya barci. Yaran maƙwabta ma suna susa. Bulamanmu ya ce ƙazuwa ce kare ya kawo. Ya ce in bai warke ba zuwa Juma'a, a kai shi daji a yar."

"To Baba, ka yar mana. Kare ne fa."

"Awakina huɗu. Ni ba na ji. In ɓarawo ya zo, in dila ya zo, wa zai faɗa mini? Uwarsa ce take zuwa ta ja mini riga. Mota ta buge ta a kwalta. Wannan shi ya rage."

Na fahimci maganarsa sarai. Amma ina sanye da sabuwar shadda, kuma a gidanmu an tashe mu a kan cewa kare ba ya tsallake zaure. Ga Malam Habu mai goro, maƙwabcin shagona, yana zaune a benci da abokan hirarsa.

"Likita, yau babban majinyaci ka samu," in ji Habu. "A ba shi gado ko a sa masa ruwa?"

Na yi dariya, na janye ƙafafuna ƙarƙashin kujera. Daga nan inda nake, taku uku tsakanina da kwikwiyon, na yanke hukunci cewa ƙazuwa ce. Hujjata ita ce Bulama, shugaban zangonsu, ya faɗa. Na miƙa hannu baya na ɗauko maganin kaska na shanu, na ce ya zuba murfi ɗaya a bokiti, ya wanke jikin duka, kada ya ɗauraye. Na maimaita sau biyu da ƙarfi don ya ji. Da haka na tara wa kaina shaidu har bakin 'yan kifi.

Washegari Laraba na zo buɗe shago na tarar da shi a tsugune a ƙofa. Ya buɗe tsumman. Kwikwiyon yana kwance, yawu na dalala, ko kai ba ya iya ɗagawa.

"Likita, na yi yadda ka ce," in ji shi. "Susar ta tsaya."

A lokacin ne na karɓi kwalbar daga hannunsa, na juya ta na karanta abin da aka rubuta a bayanta.

Ba babur, sai muka taka a ƙafa zuwa ofishin kiwo. Can akwai Madam Fanna, ma'aikaciyar da ta yi mana horo. Ba ita ce shugabar ofis ba, amma duk dabbar da aka kawo hannunta take bi. Ta shinshina gashin kwikwiyon sau ɗaya ta ɗago kai.

"Wa ya ba shi wannan?"

"Madam, wani mai shago ne," na ce a hankali.

Baba Kyari bai ji mu ba. Ya dafa kafaɗata ya ce da ƙarfi, "Likita ne ya taimake ni jiya. Mutumin kirki."

Madam ta juyo gare ni.

"Alhaji, nauyinsa nawa?"

"Ban auna ba."

"Ka ɗaga shi?"

Na girgiza kai.

"To naɗe hannun riga."

Ni na riƙe shi. Jikinsa sanyi, kuma bai kai nauyin kaza ba. Ashe abin da ake zuba wa bijimi na sa aka zuba masa. Muka wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulun wanka har sau uku, don a fitar da abin da ya rage a fata. Ta yi masa allura, ta ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan da sirinji, muka naɗe shi a tawul. Ta nuna mini ruwan da ke cikin baho. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo ne fal a saman kumfa.

"Ƙuma ce," in ji ta. "Da ka baje gashin da yatsa biyu da ka gan ta jiya. Ƙazuwa a tsakanin yatsu da wuyan hannu take kama mutum. In yaran a ƙafa suke susa, ƙuma ce, kuma ba shi ya kawo ta ba, shi ma cinsa take. Gidanta yashin turken awaki da tsofaffin buhuna."

Na roƙe ta ta rubuta wa Bulama takarda da hatimi.

"Ni gobe ina garin Mainé, allurar shanu. Kuma ba ni na yi shela a kasuwa cewa ƙazuwa ce ba. Wanda ya faɗa shi zai je ya janye."

Kwikwiyon ya kwana biyu a kwali a bayan shagona. Habu bai bar ni na huta ba, kullum sai ya leƙo ya tambayi jikin ɗan Alhaji. Ranar Alhamis kwikwiyon ya fara lasar koko. Juma'a da safe muka shiga motar haya da Baba Kyari. A shingen sojoji aka duba katinmu, wani soja ya leƙa kwalin da ke cinyata, ya dubi hulata, ya kira abokinsa ya zo ya gani.

Bulaman zangon, wanda suka yi hijira tare da shi, yana zaune a rumfa da dattawa uku, a kan tabarmi, ba nisa da turken awaki. Na gaishe shi, na yi bayani kamar yadda Madam ta yi mini. Mata suka kawo yaran, na duba. Hannuwansu lafiya lau, ƙafafun ne duk cizo daga idon sawu zuwa gwiwa. Na nuna wa kowa. Bulama ya saurare ni har na gama.

"Alhaji, ranar Talata ka ce ƙazuwa, mutanena sun ji ka a kasuwa. Yau ka ce ƙuma. Wane Likitan zan bi?"

"Na yau, ranka ya daɗe. Na Talata bai taɓa karen ba."

"To taɓa shi mu gani. Ɗora shi a cinya mu yi hira. In aka kira sallah ba ka yi susa ba, ya zauna. In ka sosa, ya tafi."

Na san wannan ba gwaji ba ne a likitance, amma ba ni da bakin musu. Na zauna a tabarma na ɗora kwikwiyon a cinya. Shi kam tsaf yake, wanka uku ya sha. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne tabarmar.

Ba a jima ba na ji ƙuma ta farko a idon sawu. Ta biyu ta bi ta ƙafar wando. Kafin Bulama ya gama tambayata labarin Damagaram, sun kai bayan gwiwa sun yi sansani. Ga Baba Kyari a gefe, bai ji sharaɗin da kyau ba, amma ya gane abin a hannuna yake, ya kafa mini ido. Na murɗe yatsun ƙafa. Na danne haƙora. Bulama kuwa ba ya sauri. Ya tambayi kasuwar tattasai, ya tambayi ko ruwan kogi zai zo da wuri bana, ya ba ni labarin wani dokin kakansa tun daga haihuwa. Ina amsawa da to da madalla, gumi yana bin bayana, ina roƙon Allah ya sa ladan ya yi kuskuren agogo.

Don in ɗauke hankalina na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Sai na ga Bulama yana goga dunduniyar ƙafar dama a ƙwaurin hagu, a hankali, a ƙarƙashin riga. Dattijon da ke kusa da shi kuma da kan sanda yake yi.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa kwikwiyon nan?"

"Allah ya kiyaye."

"Ya taɓa shiga rumfar nan kafin yau?"

"Bai isa ba."

"To me kake sosawa?"

Ƙafar ta tsaya. Wata tsohuwa a bayan zana ta fashe da dariya. Na roƙi a ɗaga gefen tabarmar, aka ɗaga, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan yashin. Nan da nan suka fara tsalle a kansa, kowa yana gani. Bulama ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ɗaga murya yadda Baba Kyari zai ji.

"Kyari, karenka ya zauna." Ya dawo kaina. "Alhaji, kai ma sosa. Tun ɗazu nake ganin idonka na ruwa."

Na sosa da hannu biyu a gaban dattawa, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan an sauko Juma'a aka share turken aka kwashe yashin sama, aka ƙone tsofaffin buhuna, aka shanya tabarmi a rana. Na yi feshi a ƙasa da kaina, bayan an kawar da yara da dabbobi, kuma wannan karon na karanta kwalbar tun daga sama har ƙasa. Kwikwiyon kuwa wankan sabulu ne da ɗan man kaɗanya a kan ƙurajen. Kafin damina ta sauka gashinsa ya dawo.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, mai sayar da magani ba rashin sani ke kayar da shi ba. Ƙa'idar na san ta, na ma koya wa wasu. Abin da ya hana ni sa hannu shi ne mutanen da ke zaune a benci. Duk ranar da kuka ji kuna duban masu kallo maimakon dabbar, ku mayar da kwalbar inda kuka ɗauko ta. Kuma ku ji tsoron mutumin da ya yarda da ku gaba ɗaya, domin shi zai yi daidai yadda kuka ce, ba zai rage ko ɗigo ba.

Baba Kyari ya ci gaba da gaya wa mutane cewa Likita ne ya warkar masa da kare. Abin ya dame ni, wata rana na ja shi gefe na faɗa masa a kunne da iya ƙarfina cewa ni ne na kusa kashe shi. Ya ce ai ya sani tun ranar Laraba. Ya ce amma ranar Juma'a na zo.