Kabewar Mista Albat da Kwano na Takwas

Daren jiya na yi wani mafarki, Malam Iro, kuma har yanzu yana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi. Kai zan faɗa wa, don kai kaɗai za ka saurara har ƙarshe kafin ka yi dariya. Amma sai na yi maka shimfiɗa tukuna, saboda akwai abin da na ɓoye maka duk shekarun da muka yi a ɗakin malamai ɗaya.

Ka san an tura ni Ingila kwas ɗin koyar da Turanci ina saurayi. Kwalejin ba ta da ɗaki, aka sauke ni a wani ƙauye, gidan Misis Dorati, wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Coci ɗaya, shago ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya, filin ciyawa a tsakiya da kududdufin agwagi, bas sau biyu a rana. Maƙwabcinmu wani tsoho ne, Mista Albat. Yaɗon kabewarsa ya ratso shinge ya haifi 'ya guda a lambunmu, ƙatuwa, hannu biyu ba sa zagaye ta. Wata Asabar Misis Dorati ta tafi wurin ƙanwarta, ni kuma kewar gida ta kama ni. Na dubi kabewar nan, na ce an manta da ita, za ta ruɓe a banza. A garinmu kabewar da ta hauro katangarka sai ka yanka, ka aika wa mai ita da miya, har ya sa maka albarka. Na yanka, na yi miyar taushe da man gyaɗar kwalba, na tuƙa shinkafa, na zuba a kwano takwas na bi gidajen layinmu.

Abin da littattafan da na haddace ba su faɗa mini ba shi ne, kowace kaka ƙauyen yana gasar kayan lambu a zauren coci. Ba don a ci ba, don a auna a manna wa wanda ya yi nasara jan ƙyalle. Shekara da shekaru Mista Albat yana zuwa na biyu. Wannan kabewar ce zai fanshe da ita, saura kwana bakwai. Na miƙa masa ita a kwano, da zafinta, ina murmushi, har da bayanin cewa tasa ce. Ya duba, ya ce ya gode, ya rufe ƙofa. Kwano bakwai suka dawo bakin ƙofarmu a wanke, wayam. Nasa bai dawo ba. Na yi wata tara a ƙauyen nan bayan haka, ba wanda ya zage ni, kuma ni ban ba shi haƙuri ba.

Ka kuma san saura mako uku jirginmu na Hajji ya tashi, na zaga dangi da abokan aiki ina neman gafara, har kai ka ce ka yafe mini biron nan naka. Na ɗauka na gama. To ga mafarkin.

Na ga ni a tashar motar garinmu da jakar alhazai, na shiga bas mai zuwa sansanin alhazai. Yaron mota yana kira, mai tsire yana fifita wuta. Na sunkuya in gyara takalmi, da na ɗago sai kawai na ga bas ɗin ta zama koriya, kujerunta masu sanyi, ba kowa a ciki sai ni da direba mai hular saƙa. Ya tsaya, ya buɗe ƙofa, bai juyo ba. Na sauka bakin kududdufin agwagi. Harami ne a jikina, ƙafata ba takalmi, ciyawar a jiƙe. Sama kalar ruwan wankin kwano, kamar yadda na bar ta. Agwagin suna tsaye a jere, ba mai motsi.

Na bi layinmu. Kwalaben madara suna bakin kowace ƙofa, tsuntsu ya huda murfinsu. Duk gidan da na wuce sai labulen taga ya ɗan matsa, kamar faɗin yatsa biyu, ya koma. Ban ga hannu ba. Na yi sallama irin tamu, ba a amsa ba. Na yi gaisuwa irin tasu, da lafazin da na shekara talatin da biyar ina dukan tebur a kansa, ba a amsa ba.

Na tura ƙofar shago, 'yar ƙararrawar ta kaɗa. Mata huɗu suna ciki da kwanduna, suna hira, hirar ta yanke kamar an ɗauke wuta. Mai shagon ta dube ni daga rawanin da ba ni da shi har yatsun ƙafa, ta yi murmushin nan nasu da ba ya kaiwa ido.

Ta ce, “Kamar za a yi ruwa.”

Na ce, “Baiwar Allah, ina neman Mista Albat ne.”

Ta bayanta ta ce, “Kamar dai za a yi ruwa.”

Sauran suka gyaɗa kai, kamar an yanke hukunci. Malam Iro, da a unguwarmu na yi wannan ɓarnar, da an zage ni har kakan kakana, an ja ni gaban mai unguwa, na duƙa, an ce kada in sake, kafin la'asar muna cin tuwo tare. Waɗannan mutane kuwa da ladabi suke duka. Ba tabo, ba shaida, ba inda za ka kai ƙara. Wa zai saurari wanda ya ce an yi masa wata tara ana gaya masa za a yi ruwa?

Sai kawai bangon bayan shagon ya zama ƙofa, na ga ni a zauren coci. Ya fi yadda na san shi tsawo, ba a hango ƙarshensa. Tebura a jere da fararen ƙyallaye, albasa uku-uku an ɗaure wuyansu da zare, karas an wanke shi kamar za a kai shi ɗakin amarya, kowanne da katin suna. Amma rufin na ɗakin jarrabawar makarantarmu ne, har da fankar nan da ba ta taɓa juyawa ba. Duk ƙauyen yana zaune, kowa da kofin shayi a kan ɗan faranti. Ba mai sha. Juya cokali kawai ake yi.

Limamin cocin ya taso da igiyar awo. Ya zagaya ta a kaina, ya rubuta. Ya zagaya ta a cikina, ya rubuta, ya ɗan yi tsaki. Wasu maza biyu suka ɗora ni a sikeli. Na ji nauyina ya yi ƙasa da na albasar da ke gefe. Aka ajiye kati a gabana, ba suna a kai.

Misis Dorati ta zo ta wuce, ba ta dube ni ba, ta saka mini 'yar takarda a hannu. Haka ta koma yi mini bayan abin ya faru, maimakon magana sai in tarar da takarda a kan matashi. Na buɗe. An rubuta a riƙa rufe ƙofa a hankali. Ta dawo da wata: a riƙa ɗauraye baho. Wata kuma: ba a waƙa ranar Lahadi. Takardun suka yi ta zuwa har suka rufe mini idon sawu.

Nan raina ya ɓaci. Na hau kan sikelin na tsaya, na gyara harami, na yi musu jawabi. Na ce ku ne masu noman abinci don a auna shi da igiya. Na ce kun ga baƙo ya bar uwarsa ya zo garinku cikin sanyi, ba wanda ya ce masa shigo ka zauna. Na ce na kawo muku abinci da hannuna, kun mayar mini da kwano wayam, ko ƙwayar gishiri ba ku jefa ba, abin da ko maƙiyi ba ya yi a garinmu. Na ce in akwai mai neman gafara a zauren nan, ku ne. Jawabi ne mai kyau, Malam Iro, da ka ji da ka ba ni tara cikin goma. Sai dai ba sauti. Bakina yana motsi, abin da ke fita ƙarar cokali ce a jikin kofi. Wata tsohuwa a layin gaba ta dubi taga, ta ce kamar za a yi ruwa.

Sai kawai teburan suka janye, na ga kwanona bakwai a ƙasa, a jere, suna ƙyalli. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Inda suka ƙare lambun Misis Dorati ne, ga shingen, ga yaɗon kabewa ya bushe. Mista Albat yana durƙushe a gefen wani tulin ciyawa da aka lulluɓe da bargo. Bargon nan na san shi. Na gan shi a kan kabewar ran nan, na ɗaga shi da hannuna na ninke kafin in sa wuƙa. Shekara arba'in da wani abu ina ba kaina labarin nan ba tare da bargon ba. Ba a lulluɓe abin da aka manta da shi.

Ya yaye bargon. Ba komai sai gurbi a cikin ciyawa. Ya sa igiyarsa yana auna gurbin.

Na buɗe baki in ce ya yafe mini. Yanzu sautin ya dawo, amma abin da ya fito bayani ne. Na ce masa a al'adarmu kaza da kaza. Na sake gwadawa, na ji ina cewa ai laifin Misis Dorati ne da ba ta gaya mini ba. Na uku na ji ina gyara masa kuskuren nahawu, shi da bai yi magana ba. Kalma uku ce, Malam Iro, yaron aji ɗaya ya iya ta. Ta ƙi fita.

Ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara. Ya shiga gidansa, ya fito da kwano na takwas, a rufe. Ya miƙo mini, ba a ƙasa ya ajiye ba, a hannuna ya sa. Da ɗumi. Na buɗe. 'Ya'yan kabewa ne guda uku, busassu.

Ya ce, “Wata biyar.”

Na ce, “Baba, wata biyar me?”

Ya koma ya durƙusa wurin gurbinsa. Daga bakin kududdufi bas ta fara hon, wata murya a lasifika tana kiran sunayen alhazan jirginmu. Na ji an kira na gabana, na ji an kira na bayana. Ruwan da suka yi ta faɗa ya sauko, yana zuba cikin kwanon, ni kuma ina tsaye na rasa ko in ruga ko in tona rami.

A nan matata Binta ta girgiza ni, wai ladan ya yi kira kuma ina ta ba bango haƙuri da Turanci. Da na ba ta labari sai ta ce, “Malam, ashe ka iya? Shekara arba'in muna tare ban taɓa jin ta a bakinka ba, sai Bature ya samu, shi ma a barci.” Na ce ai ko shi bai samu ba. Ta ce to bango ya samu.

Yanzu kai ne mai littattafan fassarar mafarki, ka duba mini. Mutumin nan ya kusa saba'in a lokacin, ya daɗe a ƙasa, ban san ɗansa ba, ban san jikansa ba. Ƙauyen kuwa har gobe ban yafe musu ba, kada ka ce in fara da wannan. Kwanon bai dawo wayam ba, wannan na gani. Amma yafewa ce ya aiko mini, ko aiki ya ba ni? In wata biyar ɗin da ya yi yana renon tasa yake nufin in biya da tawa gwiwar, jirgi saura mako uku, kabewa kuwa ko fure ba ta yi a mako uku. Binta ta riga ta samo iri wurin maƙwabta, ga shi nan a faranti a gabana. In shuka in tafi in bar mata ban-ruwa, ta karɓu? Ko wanda ya ɗaga bargon ne kaɗai zai durƙusa?